Rigar ceto a jirgin sama: abin da doka ta ce, da dalilin hana hura ta a ciki

A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, duk jirgin fasinja da zai yi nisan fiye da kilomita 93 daga gaɓar teku dole ya ɗauki rigar ceto ko makamanciyarta ga kowane mutum da ke ciki, a ajiye ta inda hannunsa zai kai yana zaune. Shi ya sa take ƙarƙashin kujera. Jirgin alhazai da ke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda yana cikin wannan hukunci. Wajibi ne kuma ma'aikatan jirgi su nuna yadda ake sa ta, jarirai kuwa tasu daban ce, a hannun ma'aikatan take.

A zura kai, a zagayo da maɗaurin ta ƙugu, a maƙala, a ja har ya tsuke. In ya yi sako-sako, ruwa zai turo rigar sama ta rufe fuska. A jikinta akwai 'yar kwalbar iska da ke cika ta nan take idan an fizgi jar igiya, da bututun hurawa da baki, da fitila mai kamawa da kanta in ta taɓa ruwa.

Jar igiyar nan ce ba a ja sai an kai bakin ƙofa. Idan jirgi ya tsage a ruwa, cikin ɗan lokaci yake cika. Wanda rigarsa ta kumbura, ruwa zai ɗaga shi ya manna shi da rufi, ƙofa kuma tana ƙasa, ba shi da ikon nutsawa ya kai ta.

Hakan ta faru ranar 23 ga Nuwamba 1996. Mutum uku suka yi fashin jirgin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa, wanda zai bi ta Nairobi da Brazzaville da Legas zuwa Abidjan. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa teku daf da gaɓar ɗaya daga cikin tsibiran Komoros. Cikin mutum 175, 125 suka rasu. Da yawansu faɗuwar ba ta kashe su ba, rigar da suka hura a kujera ce ta hana su fita, alhali an gargaɗe su.

Tsoro kan sa mutum ya fizgi igiyar bai sani ba. In haka ta faru, a danna bakin bututun da yatsa, iskar za ta fita, sai a sake hurawa da baki bayan an fito waje.