Batirin ajiya na motar zama

Batirin ajiya shi ne wanda ke tara wutar da farantan sola ko injin mota suka samar, don kunna fitila, fanka, firiji da cajin waya idan an yi nisa da wutar gari. An fi saninsa a motocin zama na Amurka da Turai, masu gado da kicin a ciki. A Sakkwato irin waɗannan motoci ba su da yawa, amma ana haɗa tsari iri ɗaya a motocin duba marasa lafiya da na masu aiki a karkara. Batirin ajiya ya bambanta da batirin tayar da mota, wanda aka yi don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, kuma yakan mutu da wuri idan ana yawan zuƙe shi.

Tarihi

Gaston Planté, Bafaranshe, shi ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, kuma shi ne na farko da ake iya yi wa caji a sake amfani da shi. Wajen 1881 Camille Faure ya fito da dabarar shafa kwaɓin dalma a kan farantan ciki, abin da ya sa aka iya ƙera shi da yawa. A shekarun 1950 kamfanin Sonnenschein na Jamus ya daskarar da asid ɗin ya zama kamar kamu, aka sami batirin jel. Nau'in AGM, mai riƙe asid cikin zaren gilashi, ya yaɗu wajen shekarun 1980. Sony ta fara sayar da batirin litiyam a 1991. Nau'in litiyam ɗin da ake sa wa motocin zama, wato LiFePO4, ya fito ne daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas, tsakanin 1996 da 1997. Goodenough yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel a 2019 saboda batirin litiyam.

Nau'o'i

Batirin dalma mai ruwan asid a ciki, wato mai ruwa, ya fi arha, amma yana buƙatar a riƙa ƙara masa ruwan batir, kuma yana fitar da iskar haidirojin mai saurin kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi inda ake kwana. Jel da AGM a rufe suke, sun fi jure girgizar hanya. Duka ukun ba a so a sha fiye da rabin cajinsu: mai bolt 12 da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin girman batir) yana ɗauke da kusan 1,200Wh (Wh shi ne ma'aunin wutar da ya tara), amma 600 ne na amfani, ga nauyin da ya kusa kilo 30. Litiyam mai wannan girma bai cika wuce kilo 13 ba, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma yana jure caji sau dubbai. Yana da tsada, kuma dole ne ya kasance da na'urar kariya ta BMS, mai lura da cajinsa da zuƙarsa. Idan daga injin mota za a caje shi, sai an sa caja ta musamman a tsakani.

Zafi

Littattafan Turawa sun fi damuwa da sanyi, domin litiyam ba ya karɓar caji idan awon zafi ya sauka ƙasa da digiri sifiri. A Sakkwato matsalar zafi ce. Daga Maris zuwa Mayu awo kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Ana auna ƙarfin batir a digiri 25, kuma ƙarin digiri 8 zuwa 10 kan rage rayuwar na dalma da kusan rabi. Mai ruwa yana saurin ƙafewa, na rufe kuma ba shi da hanyar mayar da ruwan da ya rasa. Yawancin masu ƙera litiyam sun iyakance caji a wajen digiri 45. Shi ya sa 'yan rewaya ke neman wa batir inuwa da iska, nesa da injin. Ƙurar hunturu kuma tana rage abin da farantan sola ke kawowa, kuma batirin dalma da ya daɗe bai cika ba yakan lalace.

Wanda ya fi riba

Ana saɓani kan wanda ya fi riba tsakanin na dalma da litiyam, ya danganta da yawan amfani da farashin ranar.

Zubarwa

Dalma guba ce, musamman ga yara. Mataccen batir ana mayar da shi ga masu saye don narkarwa, ba a fasa shi a gida.