Daga Babbar Ruga zuwa ƙofar masallacin Juma'a: waiwaye kan agajin coci-coci a Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tiyar masara ta fi ƙarfin talaka, ake ta ja-in-ja a Katsina kan ƙungiyoyin agaji na Kirista da ke son haɗa hannu su yi aiki a unguwannin marasa galihu. A teburin mai shayi da Facebook zancen ɗaya ne. Wasu su ce ruwa ba ya tsami banza, a duba abin da ke bayan buhun shinkafar. Wasu su ce mai jin yunwa ba ya tambayar wa ya dafa. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya aka fara, alhali zancen ya girmi jihar kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1987.

Farkon labarin ba ɓoyayye ba ne. Bayan 1903 Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka 'yan mishan suka daɗe suna kallon ganuwa daga nesa. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda aka kafa a 1893, sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta samu hanyar shiga, kuma ta hanyar jinyar kuturta ce. Aka damƙa mata Babbar Ruga, wurin jinyar kutare da ke kan hanyar Batsari, kamar yadda aka ba ta Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. En'e ta ba da fili da tallafi, mishan ta kawo likita da nas. An gindaya sharuɗɗa kan wa'azi, musamman ga yara, an kuma sha saɓani a kansu, amma kowa ya san iyakarsa.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba, kuma a ganina nan ne hanya ta karkata, wata 'yar ƙwaya ce fara mai suna dafson. Kafin zuwanta, maganin kuturta allurar wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, mai zafin tsiya, ana yi shekara da shekaru. Saboda haka wanda ya je Ruga zama ya je yi. Yana da ɗaki, yana da gona, yana cin abin da ya noma. Wasu sun koyi karatun boko, wasu sun koyi wanke miki da ɗaure shi har suka zama ma'aikata. Ruga asibiti ce a takarda, amma a zahiri ƙauye ce mai ciyar da mutanenta.

A shekarun 1950 dafson ta yaɗu. Alheri ce babba, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo ta. Mutum ya karɓi ƙwayarsa a ɗakin shan magani kusa da gida, ba sai ya bar iyalinsa ba. Sai dai ƙwaya tana kashe cuta, ba ta maido da yatsu. Wanda aka sallama da takardar warkewa ya koma ƙauyensu, ya tarar an ware masa ƙwarya, ba mai sayen abin hannunsa, ba mai ba shi 'ya. Ina ya nufa? Birni. A littafin asibiti an rubuta ya warke, a titi kuwa an samu ƙarin mai bara. Ba wanda ya tanadi abin da zai biyo bayan warkewa, kuma mu da muka ƙi cin abinci da su muna da namu kason.

Ina yaro akwai wani tsoho da ke zama kusa da Ƙofar 'Yanɗaka da ƙoƙonsa rataye a wuyan hannu, don babu yatsun riƙewa. Kakata takan aike ni da ɗumame. Wata rana na ce, “Baba, ga shi in ji Inna.” Ya sa albarka, sannan ya ce, “Yaro, da ka gan ni a Ruga, dami nawa nake ɗaurewa.” Gonar yake kewa, ba allurar ba. Sai da na girma na gane abin da ya faɗa mini.

Sauran ya zo da sauri. A 1954 aka kafa ECWA, cocin 'yan ƙasa ta gaji mishan. A shekarun 1970 makarantu da asibitocin mishan da yawa suka koma hannun hukuma, ya zama coci tana da mabiya amma ba ta da wurin aiki na gama-gari. Kowace ɗarika ta koma cikin katangarta, zumuntar mata na tara wa gwaurayen cocinsu, ana rabon atamfa da shinkafa lokacin Kirsimeti. A ɗaya gefen kuma zakka da sadaka na bin nasu layin. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara yawan hannuwan da ake miƙowa. Sai ga 'yan bindiga sun koro mutanen Batsari, Jibiya da Safana, suka cika kangaye, mata da goyo suna bin gidaje neman wankau. Hausawan Kirista na yankin Malumfashi da Ƙafur na cikin waɗanda abin ya taɓa, kango kuwa ba ya tambayar addinin mai kwana a ciki.

Yau akwai dayosis (wato yankin da bishop ke jagoranta) na Angilikan tun 1990, na Katolika tun 2023, ga ECWA da sauran ɗariku, duk a gari ɗaya. Haɗa kansu abu ne mai kyau, ina goyon baya. Masu zargi kuma ba a yi musu adalci ba idan aka ce hassada ce kawai, tunda tun zamanin Ruga ake fargabar abin da za a koya wa yara. A wancan lokacin an zauna an rubuta sharuɗɗa, yanzu ma mai unguwa da limami za su iya zama a wurin rabo su ga komai da idonsu. Abin da ya fi damuna shi ne abin da za a raba. Matar da ta baro gonarta a Batsari ta iya noma, ta iya ƙuli-ƙuli, ta iya kiwo. Buhun shinkafa zai kai ta sati uku, daga nan ta koma ƙofar masallacin Juma'a, kusa da jikokin mutanen da dafson ta warkar.