MOTS-c da 'yan uwansa: mene ne feftayid na mitokondiriya?

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya. Su ne murhun jiki, a nan ake ƙona suga da kitse a fitar da ƙarfin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Suna da nasu DNA daban, mai ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa ake gadonsa. Feftayid kuwa gajeren jeri ne na amino asid, sinadaran da ake haɗa furotin da su. Insulin ma danginsu ne, mai amino asid 51.

An daɗe ana zaton furotin 13 kawai DNA ɗin mitokondiriya ke samarwa. A 2001 masu bincike a Japan suka gano humanin, wani feftayid mai amino asid 24 da shi ma daga DNA ɗin mitokondiriya yake fitowa; irinsa ake kira feftayid na mitokondiriya. A 2015 Changhan Lee da Pinchas Cohen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka bayyana wani irinsa, MOTS-c, mai amino asid 16. Shi ne yanzu ake ta tallatawa a intanet ga masu ciwon suga da masu son rage ƙiba.

Idan mutum ya ci tuwon shinkafa, suga ya shiga jini, sai fankiriyas da ke bayan tumbi ta saki insulin domin tsoka ta ɗebe shi. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, ga yawan zama, tsoka takan daina jin kiran insulin yadda ya kamata. Fankiriyas ta yi ta ƙara yawansa shekara da shekaru har ta gaji, ciwon suga nau'i na biyu ya bayyana. MOTS-c yana tayar da wani sinadari mai suna AMPK, wanda ke sa tsoka ta ja suga ta kuma ƙona kitse. Ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo aka yi musu allurarsa ba su yi ƙiba kamar sauran ba, jikinsu kuma ya ci gaba da amsa insulin.

Bincike ne mai kyau, amma a kan ɓera aka yi shi. Wani kamfani a Amurka, CohBar, ya gwada kwatankwacinsa mai suna CB4211 a kan mutane kaɗan a matakin farko. An samu kumburi a wurin allura, kuma bai kai ga zama magani ba. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da MOTS-c, hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ma ta sa sunansa cikin abubuwan da ta haramta wa 'yan wasa tun 2024. Akwai elamipretide, wani feftayid mai aiki a kan mitokondiriya wanda a ɗakin bincike aka haɗa shi, da hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2025, sai dai don cutar Barth ce, wata cutar gado da ba kasafai ake ganinta ba. Ba maganin suga ba ne.

Abin da ke zuwa hannun mai saye 'yar kwalba ce mai farin gari, an rubuta mata da Turanci cewa ta bincike ce kawai, ba ta da lambar NAFDAC. Ba wanda ya tabbatar masa da abin da ke ciki, ko yawansa, ko tsabtarsa, kuma ba wani adadi da aka gwada ga ɗan Adam. Da zarar an jiƙa garin, sai firij. A Birnin Kebbi zafin Afrilu yakan haura digiri 40, wuta kuma ba tabbas, to ruwan zai iya lalacewa ko ƙwayoyin cuta su shige shi, allura ta zama ƙurji mai ruwa. A jikin mai suga ciwo ba ya saurin warkewa. Wanda ake sayarwa a kafso kuwa, ciki na narkar da irin wannan feftayid kamar yadda yake narkar da nama. Babban abin tsoro shi ne mutum ya ajiye maganin likita saboda shi, ko ya haɗa shi da maganin suga irin su glibenclamide ko insulin ba tare da sanin ko sugan zai faɗi ba, musamman lokacin azumi.

Jiki da kansa yana ƙara MOTS-c idan an motsa shi. Wani binciken 2021 ya nuna ya ninka kusan sau 12 a tsokar samarin da suka tuƙa keke. Metformin, maganin suga da ke kowane kemis, shi ma yana tayar da AMPK. A babban gwajin rigakafin suga na Amurka da aka wallafa a 2002, motsa jiki na minti 150 a mako tare da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58, metformin kuma da kashi 31.

Mai shakkar sugansa ya je asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko wanda ke kusa da shi da safe, bayan awa 8 bai ci komai ba, a gwada sugan jininsa. Daga 100 zuwa 125 mg/dL gargaɗi ne. 126 ko sama da haka, idan aka sake gwadawa wata rana aka samu haka, ciwon suga ne, likita zai tsara magani da abinci.