Shirwa a Birnin Kano: Abinci da Salon Farauta

Shirwa tsuntsuwa ce mai cin nama daga dangin shaho, ana gane ta da launin ƙasa-ƙasa da wutsiya mai baki biyu. Iri biyu ake gani a Kano: mai rawayan baki (Milvus aegyptius), wadda 'yar Afirka ce, da mai baƙin baki (Milvus migrans), wadda ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Masana sun daɗe suna saɓani kan ko jinsi ɗaya ne ko biyu.

Tarihin bincike

Masani ɗan Faransa Daudin ne ya sa wa reshen mai rawayan baki da ke kudu da Sahara suna parasitus a wajen 1800, sunan da ke nuni ga mai ci da gumin wani. Jerin tsuntsayen Jihar Kano da aka fi ambato shi ne na Sharland da Wilkinson, wanda ya fito a mujallar Malimbus a 1981.

Abinci

Shirwa ba ta da zaɓe. Tana cin fara, ƙadangare, ɓera, mataccen kifi a bakin kududdufi, da abin da mota ta take a kan titi. A cikin gari ta fi taruwa saman bola da mayanka, musamman Abbatuwa ta Fagge, inda ake zubar da hanji da kitse. Ba ta cika sauka ƙasa ba. Sai ta yi ta shawagi tana juya wutsiya, ta kawo sura, ta fizge tsoka da farce daga tiren mahauci ko ma daga hannun yaro, kafin a ce kwabo ta haye sama. Don haka ne masu kiwo ke kife 'yan tsaki da kwando ko su kulle su a akurki.

Abin da ya fi jan hankalin masu kallon tsuntsaye shi ne cin da take yi a sararin sama. Idan ruwan farko ya sauka shinge (gara mai fiffike) ya fito, shirwa kan cafke shi ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ta sunkuyar da kai ta kai baki, ba tare da ta daina tashi ba. Da rani kuma, in manoma sun cinna wa gona wuta, takan bi hayaƙin tana kama ƙwarin da ke gudun wutar. Ƙwace ma sana'arta ce: takan fatattaki hankaka ko 'yar'uwarta har ta saki abin da ke bakinta.

Batun ɗaukar wuta

Wani rahoto na 2017 ya tattara shaidun mutanen arewacin Ostareliya cewa shirwa kan ɗauki icce mai wuta ta jefa a busasshiyar ciyawa da gangan. Wasu masana ba su gamsu ba.

Halin yanzu

Angulu, wadda a da ke rabon mayanka da shirwa, ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.