Yadda Dokar Turai Take Auna Nisa da Jinkirin Jirgin Sama

Fasinjan da jirginsa ya makara yakan ɗauka cewa yawan sa'o'in da ya kwashe a kan kujera shi ne ma'aunin haƙƙinsa, amma dokar Tarayyar Turai mai lamba 261/2004, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2005, tana duba nisan tafiyar da kuma lokacin isowa ne wajen ƙayyade diyyar jinkiri. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma wanda ya nufo su daga waje idan kamfanin na Turai ne.

Diyyar mataki uku ce. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba tana da yuro 250, wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500 tana da 400, sai mai nisa fiye da haka, kamar daga Faris zuwa Niyu Yok, wadda ake biya 600. Tafiyar da ta fara kuma ta ƙare a cikin Tarayyar ba ta haura 400, komai tsawonta.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne yadda ake lissafa nisan. Ba a bin hanyar da matuƙi ya bi, ko da ya kewaye hadari ko sararin samaniyar da aka rufe. Ana auna hanya mafi gajarta a bisa doron duniya, tamkar zaren da aka ɗaure da ƙarfi tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallo. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yi hukunci a kan wasu fasinjoji da suka tashi daga Roma zuwa Hambug, suka sauya jirgi a Burasels. Idan aka haɗa zangon biyu, sun wuce kilomita 1,500, amma kai tsaye ba su kai ba, kuma kotun ta ce nisan da ke tsakanin mafari da masaukin ƙarshe kaɗai ake ƙirgawa. A ganina hukuncin ya ɗan tsananta wa wanda ya sha wahalar ya da zango, sai dai ya rufe ƙofar jayayya.

Game da lokaci, kotun ce ta tabbatar a 2009 cewa jinkirin sa'o'i uku ko fiye wajen isowa yana wajabta diyya, a 2014 kuma ta fayyace cewa jirgi bai iso ba sai an buɗe aƙalla ƙofa ɗaya an ba fasinjoji izinin fita, don haka zaman jira bayan tayoyi sun taɓa ƙasa yana cikin lissafi. A tafiyar da ta zarce kilomita 3,500, kamfani na iya biyan rabi, wato yuro 300, idan jinkirin bai kai sa'o'i huɗu ba. Ba a biyan diyya idan kamfanin ya tabbatar da cewa wani lamari na musamman da ya fi ƙarfinsa, kamar mummunan yanayi, shi ya jawo makarar.