Waiwaye: Ina kuɗin ambaliya suke maƙalewa?

Duk wanda ya zauna kusa da kogin Kubanni ko Galma a nan Zariya ya san yadda gaba ke faɗuwa in watan Agusta ya kama, hadari ya haɗo da daddare kana kwance amma kunnenka na waje. Wata gwaggota ruwa ya cinye mata ɗakuna biyu na ƙasa, da safe muka tarar da ita tana tsamo tukwane a cikin taɓo, buhun masararta har ya fara tsami. Bayan kwana uku wasu suka zo da biro da takarda suka rubuta sunanta, suka ɗau hoton bangon da ya faɗi, suka ce ta saurara. Abinda ya iso hannunta daga ƙarshe tabarma ɗaya ce da bokiti da shinkafar da bata kai tiya biyu ba, shi ma sai da aka bi ta hannun wani ɗan jam'iyya na unguwa. Tun daga ranar nake bin diddigin kuɗin nan, don wallahi akwai su, ba wai babu ba ne.

Abin ya faro ne tun 1981 zamanin Shagari, lokacin da aka kafa asusun kula da muhalli aka ce a riƙa cire kashi 1 cikin ɗari daga asusun tarayya saboda zaizayar ƙasa da ambaliya da fari da kwararowar hamada, a 1992 aka maida shi kashi 2. A tsarin da ake kai yanzu tarayya na ɗaukar kashi 1, jihohi 0.72, ƙananan hukumomi 0.60, kuma duk wata ake rabawa tare da sauran kason Abuja. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da aka kafa a 1999 ita ma daga nan take samun nata. To matsalar ita ce da zarar kuɗin ya faɗa lalitar jiha sai ya saje da sauran kuɗi kamar an zuba gishiri a ruwa, ba wanda zai nuna maka ya ce ga kwalbatin da aka gina dashi, na ƙananan hukumomi kuwa shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa yake bi, wanda kowa ya san a hannun gwamna yake.

In kana son ganin yadda abin yake a fili ka dubi shari'ar Joshua Dariye tsohon gwamnan Filato. Naira biliyan 1.162 ne aka bashi daga wannan asusu don gyaran ƙasar da haƙar kuza ta lalata a jiharsa, irin ramukan nan da ke cika da ruwa suna cin yara da dabbobi. Kuɗin basu je can ba, aka karkasa su, har aka ji a kotu cewa miliyan 100 daga ciki an miƙa wa jam'iyyar PDP ta Kudu maso Yamma. Kaga kenan kuɗin ceton rai sun koma kuɗin jam'iyya. EFCC ta gurfanar dashi a 2007, ba a yanke hukunci ba sai watan Yunin 2018, shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa, a tsakani har ya zama sanata, kuma yana kan kujerar aka ɗaure shi shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021, sai gashi a Afrilun 2022 gwamnatin Buhari ta yi masa afuwa. Ni dai wannan afuwar ta ƙona min rai, domin duk gwamnan da ke kallo ya gane cewa ko an kama ka akwai ƙofar baya.

Sai ambaliyar 2012 wadda aka danganta da ruwan sama mai yawa da sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru, NEMA ta ce mutum 363 suka rasu sama da miliyan 2 suka bar muhallinsu. Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi gida huɗu, na farko miliyan 500 kowace, na biyu 400, na uku 300, na huɗu 250, Kaduna tana rukuni na biyu. Jama'a ku tambayi dattawan unguwarku ko akwai wanda ya taɓa ganin takardar da ta fayyace wa aka ba nawa daga wannan miliyan 400 ɗin.

Kuma ba daga ɓangaren jihohi kaɗai siyasar take shiga ba, har daga wajen rabon. A 2017 Malam Nasiru El-Rufai yana gwamnan jihar nan ya jagoranci wani kwamiti na majalisar tattalin arziki ta ƙasa kan wannan asusu, ya fito ya ce gwamnatin Jonathan ta raba biliyan bibbiyu ga jihohin da suke ɗasawa da ita, jihohi 19 da Abuja basu samu ba. Wato ruwa bai tambayi jam'iyyarka kafin ya shigo ɗaki, amma mai rabon yana tambaya. Sai dai abin da ya dame ni shi ne hayaniyar duk a kan wa ya samu wa bai samu ba ta tsaya, batun me waɗanda suka samu suka yi dashi ba a cika tada shi ba, tunda kowa na da nasa kashin a gindi.

A ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka mutu, 'yan'uwanmu na Haɗeja da Ringim sun ga tashin hankali, tarayya na cewa a tambayi gwamnoni, gwamnoni na cewa abinda ake basu bai taka kara ya karya ba. A 2024 aka sanar da biliyan 3 ga kowace jiha, a watan Satumbar shekarar dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri, a Mayun 2025 kuma ambaliya ta afka wa Mokwa a jihar Neja.

Abinda na lura dashi shi ne an fi son rabon kayan agaji a kan aikin rigakafi, domin buhun shinkafa ana iya manna masa hoton mai girma a kira 'yan jarida a jera mata da tsofaffi a rana, sunayen kuma a karɓo daga shugabannin mazaɓa, shi kuwa yashe magudanar ruwa a watan Mayu ba wanda zai tafa maka. Mu ma muna da namu laifin, muna zuba shara da ledoji a lambatu muna gini a kan hanyar ruwa, ban musa ba, amma wannan bai halatta ma kowa cin haƙƙin wanda gidansa ya rushe ba.

Ni abinda nake roƙo ɗan kaɗan ne, 'yan majalisarmu na Zariya da Sabon Gari su nemi a buga adadin da ya shigo jiha da ƙananan hukumominmu daga wannan asusu wata-wata, da sunan aikin da aka yi da unguwar da aka yi shi, a liƙa a sakatariya kowa ya karanta. Gwaggo dai har yau tana ɗaki ɗaya a gidan ƙaninta, bulo ɗari biyu da 'yan'uwa suka haɗa mata na nan jibge a filin an rufe da leda.