Rimot na talabijin: aikinsa da dalilan tsayawarsa

Rimot ƙaramar na'ura ce ta hannu da ake kunna talabijin ko dikoda da ita daga nesa, a kashe, a sauya tasha, a ƙara murya ko a rage. Yawancin waɗanda ake amfani da su a gidaje da gidajen kallo na Birnin Kebbi, Gusau, Argungu da Talata Mafara suna aiki ne da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Idan rimot ya daina aiki, da wuya a ce babban guntun lantarkin cikinsa ne ya ƙone. Galibi matsalar tana wurin batir, ko ƙarfen da batir ke taɓawa, ko dattin da ya taru ƙarƙashin madannai.

Tarihi

Kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot mai suna Lazy Bones a 1950, da doguwar waya da ta haɗa shi da talabijin, wadda mutane ke yawan tuntuɓe da ita a tsakar ɗaki. A 1955 injiniya Eugene Polley ya ƙera Flash-Matic, mai kama da tocila: ana haska ɗaya daga kusurwoyi huɗu na fuskar talabijin, kowace kusurwa da nata aikin. Aibinsa shi ne hasken rana ma kan iya sauya tasha. A 1956 Robert Adler ya kawo Space Command, wanda ba ya buƙatar batir ko kaɗan. A cikinsa akwai gajerun sandunan alminiyam, idan aka danna sai ƙaramar guduma ta bugi ɗaya, ta fitar da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen mutum, talabijin kuma ta ji ta amsa. Ƙarar makullai da tsabar kuɗi takan ruɗe ta wani lokaci. Wajen farkon shekarun 1980 ne infirared ya maye gurbin sauti, kuma shi ne ya fi yawa har yau.

Yadda yake aiki

A goshin rimot akwai ɗan ƙwan haske. Idan aka danna madanni, ƙwan yana ƙyaftawa da sauri ƙwarai, sau 36,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa ɗaya, bisa tsarin lambobin da kamfanin ya zaɓa. Tsarin RC-5 na Philips yana amfani da 36,000, na NEC 38,000, na Sony kuma 40,000. Wannan bambancin tsari ne ya sa rimot ɗin wata talabijin ba ya juya wata. A gaban talabijin, bayan wata 'yar taga mai duhu, akwai idon da ke karɓar saƙon. Hasken ba ya ratsa bango ko mutum, amma yana iya dawowa daga farin bango.

Gwajin farko

Kafin a buɗe komai, ana gano inda laifin yake, ko rimot ne ko talabijin. A buɗe kyamarar wayar hannu, a saita goshin rimot gare ta, a danna kowane madanni. Idan yana da rai za a ga ƙwan yana ƙyafta haske fari ko mai ruwan shuni a fuskar wayar. Kyamarar baya ta wasu wayoyi tana tace infirared, don haka idan ba a ga komai ba a gwada ta gaba. Idan haske bai fito ba sam, batir ne ko cikin rimot. Idan wasu madannai suna haskawa wasu ba sa yi, datti ne. Idan kuwa ƙwan yana ta ƙyaftawa ba tare da an taɓa komai ba, wani madanni ne ya maƙale, kuma shi ke hana sauran aiki yana shanye batir.

Batir da mazauninsa

Mafi yawan rimot na ɗaukar batir biyu, AAA ko AA, kowanne bolt 1.5, jimla 3. Alamar batir ya yi sanyi ita ce sai an matso kusa da talabijin, ko an danna sau biyu sau uku. Mai mitar auna lantarki zai ga kowane batir ya sauka zuwa wajen bolt 1.2 ko ƙasa da haka. Ana sauya su biyun tare, iri ɗaya, a duba alamar + da − a ƙasan mazaunin. Gefen batir mai alamar −, wanda ba shi da ɗan tudu, shi ke zama kan sifirin. Haɗa tsoho da sabo yana sa tsohon ya yi yoyo.

Yoyon batir ya zama ruwan dare a wannan yanki, domin zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, ga kuma rimot da ake bari wata da watanni ba a taɓa ba a gidan da wuta ta yi ƙaranci. Batirin alkalin yana barin farin gari mai cin fata. A cire batirin ba tare da taɓa garin da yatsa ba, a ɗiga ruwan lemun tsami kan auduga a goge ƙarfen, a bi da busasshen tsumma, sannan a kankare tsatsar da bakin sukundireba har ƙarfen ya yi ƙyalli. Sifirin da ya kwanta a ɗan ja shi ya miƙe. Idan murfi ya ɓace, batir kan yi rawa ya rabu da ƙarfe, shi ya sa ake ganin rimot ɗaure da roba ko salatif.

Buga rimot a tafin hannu yakan farfaɗo da shi na ɗan lokaci saboda yana motsa batir kan ƙarfe mai datti, amma yana tsinka dalma. Cizon batir da shanya shi a rana ba su da amfani mai ɗorewa, kuma suna jawo yoyo.

Madannai

Madannan duka tabarmar roba ɗaya ce. Ƙarƙashin kowane madanni akwai baƙin ɗigo na gawayi, wanda idan an danna yake haɗa layuka biyu a kan allon lantarki. Gumi, man abinci, shayi, da maiƙon da robar kanta ke fitarwa suna haɗuwa da ƙurar hunturu su zama danƙo. Madannin kunnawa da na murya su ke fara mutuwa.

A cire batir, a nemi ƙusoshi a cikin mazauninsa, sannan a zura tsohon katin roba a tsagin gefe a bi a hankali har maƙalan su saki. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Allon lantarki kuwa a goge shi da auduga da sifirit, kada a sa masa fetur ko kananzir. Kada a goge baƙin ɗigon da ƙarfi, don fatarsa siririya ce. Sai komai ya bushe sarai a mayar. Ɗigon da ya riga ya suɗe ana liƙa masa ɗan guntun takardar alminiyam. Goga fensir ma yana yi, amma ba ya jimawa.

Bayan faɗuwa

Rimot da ya faɗi kan siminti ya mutu nan take yawanci dalmar ƙafar ƙwan haske ko ta sifirin ce ta tsage. A tsofaffin samfura akwai wani ɗan guntu mai ƙafa biyu, ruwan ɗorawa ko shuɗi, mai lamba 455, wanda ke daidaita saurin ƙyaftawa, kuma shi ma yana fashewa daga ciki. Masu gyaran rediyo a kasuwa suna sauya shi.

Idan laifin na talabijin ne

In kyamara ta nuna haske amma talabijin ba ta amsa, a share 'yar tagar gabanta, a kawar da dikoda ko lasifikar da ta tare ta. Hasken rana kai tsaye da wasu ƙwayayen fitila masu tanadin wuta suna makantar da idon. A zare filogi na minti ɗaya a mayar. Idan madannan jikin talabijin suna aiki amma rimot biyu sun kasa, idon ne ya lalace. Wasu rimot na dikoda suna da madannin zaɓi tsakanin talabijin da dikoda, kuma yara kan danna shi.

Rimot mai Bluetooth

Rimot mai Bluetooth yana aika saƙo ne ta siginar rediyo, ba ta infirared ba, don haka ba ya nuna haske a kyamara a yawancin madannansa. Idan ya daina aiki, sai a sake haɗa shi da talabijin bisa umarnin takardarsa.

Sauyawa da kariya

Ana sayen sabo da lambar samfurin da ke bayan talabijin. Rimot gama-gari sai an shigar masa da lambar kamfanin, kuma ba lallai ya san dukkan madannai ba. Naɗe rimot da farar leda yana tare ƙura da maiƙo, muddin ba a rufe goshinsa da salatif mai duhu ba.